Burin da Duk Ɗaya Ya Hango ta Taga

Duk Ɗaya ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba, amma shi ya bi shi har ya danne na ainihin. Tun yana yaro, in mahaifiyarsa ta ɗaga riguna biyu ta ce wacce yake so, sai ya ce, "Duk ɗaya ne, Inna." Da ya gama sakandare kawunsa ya tambaye shi ko zai ci gaba da karatu ko a kai shi maɗaba'ar wani abokinsa, ya ba shi wannan amsar. Kawun bai ɓata lokaci ba, washegari ya kai shi maɗaba'a. Ko aurensa ma, matarsa ba ta ɓoye wa kowa cewa ita ta zaɓe shi. "Da na tsaya jiran ka buɗe baki," takan ce, "da yanzu ina ɗakin uwata ina tsifar furfura."

Shi bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. A ganinsa masu zaɓi su ne ke yawo da ciwon kai.

Aikinsa yankan takarda. A can ƙarshen zauren maɗaba'ar, bayan injinan bugu, dab da taga, akwai wani tsohon baƙin inji mai doguwar wuƙa. Ana juya wani keke da hannu a matso da tarin takarda, a taka feda da ƙafa a danne shi, sannan a ja hannaye biyu wuƙar ta sauko. Littattafan makaranta, takardun jikin kwalaben magani, kalandu, katunan shaguna, duk ta hannunsa suke fita. Ya haura shekara ashirin a wurin kuma yatsunsa na nan cif, abin da ba kowane mai wannan sana'a ke iya nunawa ba. In wuƙar ta sauka ta tashi, yakan shafa gefen takardar da babban yatsa, ya ji ya yi sumul kamar gilashi. Bai taɓa tambayar kansa dalilin shafawar ba. Ya ɗauka cikin aikin take.

Da gwiwoyin mai maɗaba'ar suka ƙi hawa bene, 'yarsa ta karɓi ragamar. A gabansu ta girma, tana ƙarama tana tsintar yankakkun takardu a ƙarƙashin injinsa, don haka take kiransa Kawu, shi kuma yake kiranta Manaja. Wata rana ta tsaya kusa da shi ta ce akwai wani sabon injin yanka mai allo kamar na waya, ana danna masa lambobi ya auna da kansa.

"Ni kaina ya riga ya bushe, Manaja," ya ce. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ya faɗa ne don dai a ce ya ce wani abu, kafin la'asar ya manta. Manaja kuwa ba ta manta ba.

Ba a daɗe ba ta gayyato wani mai horar da ma'aikata. Aka kashe injina, aka jera kujeru tsakanin tarin takardu. Mutum ne mai kwat da murmushin da ba ya gajiya. Ya yi bayani mai tsawo kan cewa abin da mutum ya ɗauki kansa shi yake zama, kuma wanda ya ce ba zai iya ba ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya ce matafiyin da bai san inda za shi ba, duk inda ya tsaya sai ya ce ya iso. Duk Ɗaya ya gyaɗa kai sosai a nan, don ya ɗauka yabo ne.

Daga nan aka zo wurin da kowa zai tashi ya faɗi burinsa guda ɗaya a gaban jama'a. Dogo, mai kula da babban injin bugu, wanda suke cin abincin rana tare tun suna samari, ya miƙe ya gyara murya.

"Ni burina in buɗe tawa maɗaba'ar."

Aka yi tafi. Manaja ma ta tafa, amma da yatsu biyu.

"Baba, kai fa?" in ji mai kwat.

"Duk ɗaya ne."

Zauren ya ɗauki dariya. Mai kwat bai san labarin ba, ya matso ya dafa kafaɗarsa. "Babu mutumin da ba shi da buri, Baba. Rufe idonka ka leƙa cikin zuciyarka."

Ya rufe ido ya leƙa. Ya ga duhu, da ɗan tunanin abincin rana. Da ya buɗe, idonsa ya sauka kan taga. A waje farar motar kai kaya ce a tsaye, wadda tsohon direbanta ya ajiye aiki kwanan baya.

"Mota," ya ce.

"Wace mota?"

"Waccan."

"Kana so ka tuƙa ta?"

Tambayar ta zo da amsarta a goye, ƙin karɓa sai ya zama rashin kunya. "E to," ya ce.

Tafin da aka yi masa ya ninka na Dogo. Manaja har tashi ta yi. Da a ce akuya ce ta gifta tagar a lokacin, da wataƙila yanzu kiwo yake yi.

Labarin ya riga shi isa gida. Ya tarar da matarsa a bakin ƙofa tana kallonsa kamar an canza mata shi a hanya.

"Baban yara, ashe da buri a cikinka duk shekarun nan ka bar ni ina zaɓa maka har takalmi?"

"Ba haka abin ya faru ba. Taga ce..."

"Na riga na kira ƙanena. Gobe za ku fara."

Ƙanin nata koyar da tuƙi yake yi, kuma ya daɗe yana neman inda zai samu mijin yayarsa a hannu. Ya kai shi wani fili bayan tsohon sito, ya zaunar da shi a gaban sitiyari, ya naɗe hannu.

"To, yallaɓai mijin Yaya, dama za mu yi ko hagu?"

"Duk ɗaya ne."

"A mota ba duk ɗaya ba ne. Dama bango ne."

Makon farko motar ta yi ta zabura tana mutuwa. Duk Ɗaya ya yi gumi har rigarsa ta manne da kujera. Ya ce wa ƙanin ai ya faɗa tun farko, kansa ya bushe.

"Kanka ban san halinsa ba, Yaya ce ta sani," in ji ƙanin. "Amma kai motar gaba ɗaya kake son tuƙawa a rana guda. Yau ƙafar hagu kawai muke koya. Manta da sitiyari, manta da madubi. Taka, saki a hankali. Shi ke nan aikin yau."

Ƙafar hagun kuwa ta shekara da shekaru tana taka fedar injin yanka, ta san yadda ake sakin abu sannu a hankali. Motar ta tafi sumul. Wani makon aka koyi hannu, wani makon madubi. Ranar da ya yi ribas tsakanin ganguna biyu bai taɓa ko ɗaya ba, ƙanin ya cire hula ya ce a gaishe da Yaya, ashe ba ta yi asarar zaɓi ba.

Abin da ya ɗaure wa Duk Ɗaya kai shi ne yana iyawa. Ya riga ya shirya yadda zai gaza, ya tanadi har kalmomin ba da haƙuri, ga shi babu inda zai yi amfani da su. Abu na biyu da ya fi ɗaure masa kai, duk lokacin da ya ƙara ƙwarewa sai ya ji ƙirjinsa ya ƙara nauyi.

"Wai in mutum ya kusa cika burinsa," ya tambayi matarsa wata safiya tana zuba masa shayi, "haka yake ji kamar ya haɗiyi dutse?"

"Nauyin girma ne. Sha shayinka."

A wurin aiki kuma Dogo ya daina cin abinci da shi. In ya gaishe shi sai ya ce, "Sannu mai mota," ya juya. Duk Ɗaya ya bincika kansa sama da ƙasa bai ga laifin da ya yi ba, sai ya ƙara wannan cikin jerin abubuwan da bai gane ba.

Wata rana ya dawo daga wanke hannu ya tarar da wani baƙo yana zagaya injinsa da igiyar awo, yana ƙwanƙwasa ƙarfen kamar mai sayen tukunya. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ne. Duk Ɗaya ya hau bene, abin da bai saba yi ba sai an kira shi.

"Sabon injin yana hanya, Kawu," in ji Manaja. "Wannan zai tafi. Za mu nemo wanda ya san aiki da allo daga waje."

"Ni fa?"

"Kai ai mota za ka karɓa." Ta ajiye biro. "Bari in faɗa maka gaskiya. Tun ranar da ka ce mini kanka ya bushe na rasa yadda zan yi da kai. Ba zan iya sallamar mutumin da ya yi mini jirgin takarda ina yarinya ba, kuma ba zan ajiye tsohon inji saboda mutum ɗaya ba. Sai ga shi ka faɗi burinka da bakinka. Ka sauke mini kaya, Kawu."

Ya ce madalla, ya sauko. Ya tsaya gaban injin, ya ɗora tarin takarda, ya taka, ya ja. Wuƙar ta sauka ta tashi. Ya shafa gefen da babban yatsa, sai ya ji wani abu ya murɗa masa a ƙasan haƙarƙari. Ya zaci gyambon ciki ne, har ya biya kantin magani aka ba shi wani farin ruwa. Ya sha bai ji sauƙi ba. Sai da aka kwana biyu ya fara zargin ko wannan ne abin da mutane ke nufi in sun ce suna son abu. Ba baƙin ƙarfen yake so ba, ƙarfe ƙarfe ne. Wannan lokacin yake so, da takarda ke shigowa da gefe a birkice ta fita daidai, kuma ta hannunsa. Ya yi mamakin yadda mutane ke yawo da irin wannan ciwo kullum ba su kwanta asibiti ba.

Ranar jarrabawar tuƙi ya yi tunanin ya faɗi da gangan. Amma in ya faɗi, ba mota, ba inji. In ya ci, ga mota, ba inji. Yana cikin auna waɗannan biyun, bai kai ga yanke shawara ba, mai jarrabawar ya ce ya tsaya a gefe, ya ci.

Da lasin ya fito ya kai wa Dogo ya gani, ko zai huce. Dogo yana zaune a kan wani kwali yana cin burodi. Ya zaro nasa lasin daga aljihu, tsoho, gefensa duk ya cinye.

"Ka ga wannan? Tun kafin in yi aure yake aljihuna. Ni kullum ina cikin ƙarar inji da warin tawada, kunnena ɗaya ya kusa mutuwa. Tun da tsohon nan ya ajiye makulli nake kallon motar nan."

"To me ya sa ka ce maɗaba'a?"

"A gaban mai kwat zan tashi in ce burina motar kai kaya? Wa zai tafa mini?"

"Ni an tafa mini."

"Kai ko tari ka yi za a tafa maka, ba a taɓa jin ka so wani abu ba." Dogo ya gutsuri burodi. "Yanzu Manaja kallon mai tafiya take yi mini. Jiya tambayata ta yi ko na samu shago. Ni ko teburin shago ban taɓa tayawa ba."

Duk Ɗaya ya zauna a ɗaya kwalin. Ga mutum biyu, kowa riƙe da burin da ba nasa ba.

Washegari Manaja ta kira shi. Makullin motar na kan tebur, an ɗaura masa sabon zare. Ta turo shi gabansa. Bai ɗauka ba. Ya dubi makullin, ya dubi fanka, ya dubi takalmin da matarsa ta zaɓa masa.

"Manaja, in mutum ya faɗi buri a gaban jama'a, ana iya mayarwa?"

"Mayarwa ina?"

"Dogo na da lasin. Shi yake son motar. Maɗaba'ar da ya faɗa, kunya ce ta sa shi."

Ta jingina da kujera. "Kai kuma?"

Ya buɗe baki, tsohuwar amsar ta taho da gudu har bakin haƙora, ya danne ta da ƙyar.

"Injin."

"Tsohon an sayar."

"Sabon."

"Kawu, kai ka ce kanka ya bushe."

"Ni ma haka na sani. Sai ga shi na yi ribas tsakanin ganguna biyu. Yanzu ban san me na sani ba."

Ta daɗe tana juya biro. "Bari ka ji yadda abin yake. In na ba Dogo mota, ta tafi, ba zan karɓe ba. Wanda zai haɗa injin zai tsaya ya koyar na ɗan lokaci, sannan ya wuce. In ya wuce ba ka iya ba, dole in ɗauko wani, kuma ba ni da kujera ta uku. Mota kuwa tana hannunka yau, ba wanda zai taɓa ka."

"Ke me kika gani?"

"A'a. Wannan karon ba wanda zai zaɓa maka."

Ya tura makullin ya koma gabanta. "Injin," ya sake cewa, a hankali.

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Amma shi nake so."

A gida matarsa ta saurare shi har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Na gaya wa dangi kaf kai direba ne. Ƙanena ya ƙona mai, ya ƙona murya. Yanzu ka ce ka bar tabbas ka kama wataƙila? Wannan burin kuma daga wace tagar ya shigo?"

"Ina jin yana nan tun da. Ba a taɓa yunƙurin ɗauke shi ba ne, shi ya sa ban san da shi ba."

Ta dube shi ta dube shi. "Shekara ashirin ina roƙon Allah ka zama mai ra'ayi," ta ce. "Ban san haka abin yake da ban haushi ba."

Sabon injin ya iso cikin ƙaton akwatin katako. Fari ne, ba keke, ba hannayen ja, sai allo da maɓallai da wani jan haske da ke nuna inda wuƙa za ta sauka. Mai haɗawar yana bayani da sauri, yatsunsa na tsalle a kan allon. A rana ta farko Duk Ɗaya bai gane komai ba sai wurin kashewa. A cikin makon ya danna lamba a inda ba nan ba, wuƙar ta raba sunan wani magani gida biyu a tari guda. Manaja ta sauko ta duba, ta koma. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta taga ya hango Dogo yana fita da mota, gwiwar hannu a waje, yana fito.

Da safe ya tari mai haɗa injin tun kafin ya ajiye jaka.

"Malam, yau maɓalli ɗaya kawai za ka koya mini."

"Ɗaya? Baba, lokaci fa..."

"Ɗaya. Gobe wani."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Haka suka yi. Akwai ranakun da abin ya zauna, akwai waɗanda na jiya ya gudu kafin na yau ya shiga. Abin da ya fi wahalar da shi wata ɗabi'a ce ta injin: kafin ya fara kowane sabon aiki sai ya rubuto tambaya a allo, a ci gaba ko a fasa. Ya duba ko'ina bai ga maɓalli na uku ba.

Mai haɗawar ya tafi ranar da aikin littattafan wata makaranta ya fito daga bugu, tari a kan tari har kusa da rufi. Duk Ɗaya ya saka lambobin da yatsa ɗaya, yana karanta kowace a fili. Ya ɗora tarin farko. Allon ya yi tambayarsa. Ya danna a ci gaba.

Da yamma Manaja ta sauko. Ta ɗauki littafi daga sama, ta zaro wani daga tsakiya, ta haɗa su ta duba. Ta shafa gefen tarin da babban yatsa, kamar yadda ta ga yana yi tun tana yarinya.

"Kawu, gobe akwai kalandu," ta ce, ta hau bene.

Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Sai da Dogo ya dawo ya fassara masa cewa shi ke nan, an bar shi a wurin.

Da shekara ta zagayo mai kwat ya dawo, da murmushinsa yadda ya tafi da shi. Manaja ta ba shi labari a taƙaice, shi kuma ya tsayar da Duk Ɗaya a gaban jama'a ya ce ga misalin mutumin da ya kafa buri ya cika shi. Duk Ɗaya ya so ya tambaya wanne daga ciki, don wanda ya faɗa ba ya so, wanda yake so kuma bai faɗa ba, kuma ba don na ƙaryar ba da bai yi ƙarfin halin neman na gaskiyar ba. Bai san ta inda zai fara ba, sai ya bari aka tafa.

"To Baba, yanzu sai me? Mene ne buri na gaba?"

Idon Duk Ɗaya ya fara tafiya wajen taga. Dogo ya tashi, ya je ya tsaya a gabanta, ya tare ta da faɗin bayansa.

Duk Ɗaya ya sosa ƙeya. Kowa a zauren na jiran tsohuwar amsa.

"A ba ni lokaci," ya ce. "Sai na yi tunani."